Igiyar Yaya Nomau

Ni dai ban san ina tsoron ruwa ba sai da muka isa bakin Kwara a Yawuri. A ce mutumin da ya tashi gidan masu ginar rijiya yana tsoron ruwa, ai abin dariya ne. To amma ruwan da na sani a Shagari ruwa ne mai ladabi, yana can zaune cikin raminsa, sai ka aika masa guga sannan ya zo. Wannan kuwa shimfiɗe yake, yana tafiyarsa, ba ya sauraron kowa. Ana tura kwalekwale na kwanta rub da ciki a kan buhunan albasar wani mutum, na runtse ido, ina ta salati har muka ƙetare.

Yayana Nomau ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Tashi, Altine, mun ƙetare. Wanga abin kunya, kar ka bari a ji shi gida."

Mu biyu ne wajen Inna. Tun da Baba ya rasu aikinmu a rabe yake: Nomau ke shiga rami, ni ke riƙon igiya a sama. A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa aka fara gina rijiyoyin siminti a wajen Boɗinga, aikin irin namu ya ja baya, shi ya sa muka bi 'yan cin rani zuwa Gwalkwas, can ƙasar goro. Abin da Inna ta faɗa kafin mu fito bai da tsawo, kuma ni kaɗai ta faɗa wa. Ta ce, "Altine, kai ka riƙon igiya. In Nomau bai komo ba, kai za ni tambaya."

Riƙon igiya a gidanmu yana da doka guda: ba a jan mutum sai ya kira. Kiran kuwa da igiya ake yinsa, na ƙasa ya girgiza ta da ƙarfi, na sama ya ji a hannunsa, sannan ya ja. Dokar ba daga sama ta faɗo ba. Ƙanen Baba ya mutu cikin wata rijiya a Dingyaɗi saboda mai riƙe masa igiya ya ji shiru ya firgita ya ja, alhali shi yana can yana tokare bango da itace. Igiya ta share tokarin, bango ya rufta masa. Tun daga nan Baba bai yarda da hannun kowa ba sai wanda ya hora da kansa. Yakan shiga rami ya zauna da gangan, shiru, shiru, yana jiran ya ga ko zan ja. Ranar da na ja, ya fito ya yi mini dukan da har yau in hadari ya taso nakan ji shi a kafaɗata. Ban sake ba.

Daga Yawuri muka ratsa ƙasar Bargu, wani wuri a ƙafa bayan masu shanu, wani wuri a bayan babbar mota, a tsaye, kamar itacen girki. Muka shiga ƙasar da Faransa ke mulki muka fita ba mu san mun shiga ba, sai dai muka ga hular 'yan sanda ta sake. Bayan Salaga ne ƙasa ta fara rufe mu. A Shagari kana ƙofar gida kana hango mai zuwa tun yana ɗan ɗigo, ka gane tafiyarsa, ka shimfiɗa masa tabarma kafin ya iso. Can kuwa itatuwa sun haɗe ta sama, rana ba ta samun ƙasa, komai jiƙe yake, wani abu na kuka cikin ganye ba ka ganinsa. Ko alƙibla sai mun yi gardama kafin mu tsayar. Ga abinci daga rogo sai dafaffiyar ayaba. Wallahi na yi kewar furar Inna har na riƙa jin ƙamshinta a inda babu ita.

A zangon Kumasi muka yi dako a kasuwa har wuyana ya kumbura. Nan wani mutum ya same mu, Sule sunansa, Bakano, da gajeren wando da agogo a hannu, ya ce shi tafintan wani Bature ne, kuma Baturen na neman masu ginar rijiya waɗanda suka iya igiya da ɗaurin itace.

Nomau ya ce, "Rijiya ta?"

Sule ya ce, "Rijiya mana. Sai dai tana da ɗan faɗi."

Allah Ya isa tsakanina da wannan "ɗan faɗi". Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, muka hau wani tudu da kaya a ka, muna kaiwa ƙololuwa na leƙa ƙasa. Tafki ne, zagaye da duwatsu ta ko'ina, yana can ƙasa kwance, ɗaya gefen da ƙyar ido ke kai masa. Ba ya motsi kamar Kwara. Ni wannan rashin motsin ya fi ba ni tsoro.

Na ce, "Yaya, wagga ba rijiya ta ba. Mu koma."

Ya ce, "Mu koma da mi? Mun ci abincin mutum, mun hau motar mutum."

Na juya zan ci mutuncin Sule, ya riga ya yi gaba yana fito.

Baturen dogo ne, siriri, rana ta gasa shi ya yi jajir, zazzaɓi kuma na kaɗa shi lokaci lokaci. Mutanen ƙauyen sun sa masa suna da yarensu, mu kuma muka ce masa Mai Taɓo, don ban da taɓo babu abin da yake so a duniya. Ya daɗe zaune bakin tafkin bai fara aiki ba, ga dalili: mutanen wurin ba su yarda ƙarfe ya taɓa ruwan ba, ko allura. Ba su yarda a sa kwalekwale ba. Masuntansu a kan ɓallin katako suke kwanciya, su riƙa tuƙi da sakaina a hannu. Sun ce nan ne rayukan matattunsu ke zuwa su yi sallama kafin su wuce. Ni Musulmi ne, na san ba haka ba ne, amma tsorona bai sani ba.

Kayan Mai Taɓo kuwa duk ƙarfe ne, ban da bututu guda na tagulla, wanda dattawan suka jujjuya suka ce shi sun yarda. To shi ya sa ake nemanmu. Muka haɗa masa gado na katako mara nauyi wanda zai zauna bisa ruwa, ba ƙusa ko ɗaya, duk ɗauri. Muka kafa ƙafafu uku a kai irin na bakin rijiya. Aka jona sandunan gora masu tsawo, ɗaya bisa ɗaya, bututun tagulla a ƙarshensu. Aikin shi ne a danna bututun cikin taɓon da ke ƙarƙashin ruwa, a jawo shi a miƙe, a tura taɓon ya fito dogo kamar sandar rake, a kwantar cikin kwami a naɗe, a yi alamar sama da ƙasa. In ka juya shi ko da wasa, Bature sai ya yi kamar zai yi kuka.

Kullum da safe kafin mu hau gado sai wani tsohon masunci, Baba Kwaku, ya laluba jikinmu. Da ƙuruciyarsa ya yi dakon goro zuwa Salaga, yana jin Hausa tsinta-tsinta. Shi ya cire wuƙar Babanmu daga ƙugun Nomau, wuƙar da ba ya shiga rami sai da ita don yanke igiya in ta harɗe. Ya rataye ta a wani reshe a bakin ruwa. Ni kuma ya ga yadda nake kau da ido daga ruwan, bai yi dariya ba. Washegari ya zo da busassun duma biyu ya ɗaura mini a ƙugu, ya ce, "Ɗana, wannan ba ya nutse. Kai ma ba ya nutse." Har na bar garin ban cire su ba sai in zan yi salla.

Wata rana da azahar Nomau ya kasa haƙuri, ya ce wa Sule ya tambayi Baturen me yake nema, zinariya ce ko me. Mai Taɓo ya yi murna kamar an yi masa bushara. Ya ja mu cikin bukkarsa, inda yake dafa ɗan taɓo da magunguna a kwalabe, ya ɗiga a kan gilashi, ya sa ƙarƙashin wani madubi mai bututu. Ta bakin Sule ya ce, kun san bununi? Muka ce wa bai san bununi ba, ƙurar nan rawaya da ke zuba daga kan gero ta ɓata maka riga. Ya ce to kowane itace da kowace ciyawa na da nasu, kuma kowanne da siffarsa. Iska na kwaso shi ta zuba a tafki, ya nutse, taɓo ya rufe shi, na bana ya hau kan na bara. Ɓawonsa ba ya ruɓewa. Saboda haka iya zurfin da ka kai, iya daɗewar zamanin da ka taɓo. Ya ce an yi wani zamani, tun kafin kakannin kakanni, da ƙanƙara ta binne ƙasarsu, tudu da kwari, shi kuma so yake ya san me ke tsiro a nan a lokacin.

Na ce a raina, ikon Allah, wani haukan sai mai hali. Amma na sa ido. A taɓon sama na ga abubuwa iri-iri, wasu da ƙaya, wasu da tsaga uku, ya ce na itatuwan kurmin nan ne. Ya canza gilashi, ya sa na ƙarshen bututun da muka ciro jiya. Nan kusan duk iri ɗaya ne, kewayayyu, sumul, kowanne da 'yar huda guda kamar goran shan ruwa.

Sule ya ce, "Ya ce ciyawa ce. Ya ce bai tabbata ba sai ya je gida ya ƙirga, amma ga alama da duniya ta yi sanyi, ruwan sama ya ja baya, kurmin nan bai nan. Fili ne, ciyawa, itace jefi-jefi."

Nomau ya ture ni ya duƙa. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, fuskarsa ta sake. Ya ce, "Kamar gida ke nan? Mutum shi tsaya shi hango mai zuwa?"

Aka faɗa wa Bature, ya ce i, kusan haka.

Sai a lokacin na gane ashe shi ma kewa na cinsa, yana ɓoyewa ne don shi ne babba. Daga ranar ya ɗauki aikin da zafi. In muna danna gora yakan ce, "Ƙara, Altine, Shagari na can ƙasa." Ni ban ga abin dariya ba. Ni dai burina mu gama mu hau tudu.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, rana fes. Mun kai gado inda zurfin ya yi kamar na rijiyar fadama. Mun danna bututun fiye da kullum, don Mai Taɓo na son ya wuce inda ciyawar ta fara. Da muka zo ja, ya ƙi. Muka sake, ya ƙi. Muka haɗa ƙarfi har da Bature, sai ji muka yi ƙas! Gora ta karye can ƙarƙashin ruwa, muka zube a kan juna, guntu a hannunmu. Bututun tagulla guda ɗaya tilo yana can cikin taɓo.

Bature ya zauna ya dafe kai. Gaskiya ba zan yi masa ƙarya ba, bai ce kowa ya shiga ba. Cewa ya yi a bar shi, aiki ya ƙare. Masunta kuma suka ce su ba sa taɓa ƙasan tafkin. Sai na ga Nomau na tuɓe riga.

Na ce, "Yaya, don Allah don Annabi."

Ya ce, "Guga nawa nic ciro cikin ruwan rijiya? In tahi in ɗaura mai igiya in komo. Numfashi guda na."

"Babu wuƙa, Yaya."

"Akwai kai."

Ya ɗaura igiya a ƙugu da ɗaurinmu na gida, ya riƙe wata a hannu wadda zai ɗaura wa bututun, ya yi bisimilla, ya sulale. Ruwan kore ne, tafin ƙafarsa kawai na gani, shi ma ya ɓace.

Igiya na zarewa a hannuna, na zarewa, sai ta tsaya. Ya kai. Na ji ɗan motsi irin na mai aiki, na san shi, na saba da shi. Daga nan shiru.

Na jira. Abin da aka koya mini ke nan. Na kafa ƙafa, igiya a tafin hannu ba sako ba ɗame, ina sauraron kira da fatar hannuna. Babu. Baba Kwaku da ke kwance kan katakonsa gefenmu ya ɗago ya ce, "Ja." Ban kula shi ba. Me ya sani? Wataƙila Nomau na tsakiyar ɗauri, in na ja igiyar ta shaƙe masa wuya, ko ta fizge shi ta soka masa karyayyiyar gora a ciki. Na ga ƙanen Baba yadda aka ce an tono shi. Na ji kafaɗata na zafi inda aka doke ni.

Sule ya fara ihu, "Ka ja mana! Kai mahaukaci ne?" Bature na faɗin wani abu da yarensu yana nuna ruwa. Na daka musu tsawa, na ce, "Bai kira ba!" Muryata ta fito kamar ba tawa ba. Ina kuka, ban sani ba sai da na ji gishiri a bakina. Tsoro biyu ne suka riƙe ni, ɗaya ya ce in ka ja ka kashe shi, ɗaya ya ce in ka bari ka kashe shi, kuma duka biyun gaban Inna za su kai ni.

Sai kumfa ta taso. Ba 'yan ƙanana irin na mai riƙe numfashi ba, babba, gaba ɗaya, ta fashe dab da gado. Na tuna mahaifinmu, na ce, "Baba, ka gafarce ni," na ja.

Kai! Kamar na ɗaura wa dutse. Mutum ɗaya a ruwa ba ya yin wannan nauyin. Na naɗe igiyar a damtse na kwanta da baya, ta yanke mini fata, gado ya karkata har ruwa ya hau mini gwiwa. Ni da ban iya kallon ruwa ba, ranar ban ma san ya taɓa ni ba. Baba Kwaku ya hauro ya kama bayana, Bature ya kama, har Sule da gajeren wandonsa. Can ƙasa wani abu ya saki, igiya ta taho da gudu.

Da guntun gora ya fito, da bututun, da Nomau, duk a harɗe wuri guda. Igiyar ƙugunsa ta naɗe jikin gorar. Taɓo ya rufe shi har ƙirji, fuskarsa toka-toka, bakinsa a buɗe, jini na fita ta kunnen hagu. Na tsaya ina kallonsa kamar gunki. Baba Kwaku ne ya kifa shi a kan katako, ya hau danna masa baya, yana danna yana magana da yarensu, ban san ko da shi yake ba ko da tafkin. Can sai Nomau ya yi wani irin kaki, ruwa ya ɓulɓulo ta baki da hanci. Na faɗi na rungume ƙafarsa mai taɓo ina ta kiran sunan Allah.

Ya yi kwanaki a kwance. Matar Baba Kwaku ta riƙa aiko da romon kifi mai yaji. Bature ya ba shi maganin zazzaɓinsa, ya zo ya zauna gefensa, hularsa a hannu. Taɓon da ke cikin bututun bai lalace ba, an ce ciyawa ce tun daga sama har ƙasa. Da aka faɗa wa Nomau sai ya juya fuska bango. Kunnen hagu dai ya tafi ke nan.

Bai yi mini maganar ba sai a hanyar komawa, bayan mun wuce Salaga, inda itatuwa suka fara ba da wuri, sama ta buɗe. Muna zaune gindin wata ƙirya muna cin gyaɗa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Altine, mi ya hana ka ja tun kiran farko? Ƙafata ta nutse cikin taɓo, na girgiza, na girgiza, har hannuna ya mutu."

Na ce, "Ban ji kira ba, Yaya. Ko guda. Igiya ta naɗe ga gora, can kiran ya tsaya."

Ya juyo da kunnen dama. "Ba ka ji ba?"

"Ban ji ba."

"To mi ya sa ka ja?"

Na ce, "Tsoro."

Ya zubar da ɓawon gyaɗar da ke hannunsa. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba. Tashi ya yi ya ɗauki kayansa, na bi shi. Da muka zo Kwara na sake kwanciya rub da ciki, wannan karon bai yi dariya ba, hannunsa ya ɗora a bayana har muka ƙetare.

Mun iso Shagari gero na bununi, gonaki sun yi rawaya. Nomau ya tsaya bakin wata gona ya kaɗa kan gero a tafin hannunsa, ya kalli ƙurar, ya goge a riga. A gida Inna ta yi masa magana ta hagu bai amsa ba. Ta sake, bai amsa ba. Ta juyo ta dube ni.

Na ce, "Na kawo shi, Inna."

Ta ce, "Na gani." Ta miƙo mini ƙwaryar fura, ni ta fara ba.

Da kaka ta wuce aka kira mu yasar wata tsohuwar rijiya a lambun albasa kusa da Boɗinga. Nomau ya ɗaura igiya, ya soke wuƙar Baba a ƙugu, ya zauna bakin rami ƙafafunsa a ciki. Sai ya ɗago.

"Altine."

"Na'am, Yaya."

"Dokar Baba tana nan, ba a jan mutum sai ya kira."

"Na sani."

"Amma Baba bai ga wancan ruwa ba. In ka ji shiru ya yi yawa, ja."

Ya sauka. Ranar sau biyu ina jawo shi ba gaira ba dalili, yana tsakiyar aiki, ya fito da taɓo har gira yana zagina, mai lambu na ta dariya. Ya zage ni son ransa, amma bai ce in bari ba.